Yadda zaka nemo ka kuma kalli tsofaffin fina-finan kasada marasa magana na haɗin gwiwar Faransa da Jamus

Abu na farko da zan gaya maka ɗan'uwa tun kafin ka ƙona datarka a banza: kowane fim cikin irin waɗannan yana da suna biyu, wani ma uku, na Faransanci daban na Jamusanci daban, ga kuma wanda 'yan Ingila ko Amurka suka laƙaba masa da ya je hannunsu. In ka nema da suna ɗaya ka ga babu to wallahi baka fara nema ba tukuna. Kuma ba sunan kaɗai ne biyu ba, shi kansa fim ɗin sau tari biyu ne, wanda aka nuna a Faris ba lallai ya zama daidai da wanda aka nuna a Balin ba. Duk abinda zan faɗa a ƙasa akan wannan ya ginu, ka riƙe shi da kyau.

Amma bari in ɗan koma baya kaɗan, don in baka san dalilin da yasa suka haɗa hannu ba zaka ta ruɗewa wajen bincike. Mutanen nan fa yanzu suka gama kashe juna, yaƙin duniya na ɗaya ya ƙare 1918, a watan Janairun 1923 ma sojojin Faransa da na Beljiyam suka shiga yankin Ruhr na Jamus suka zauna saboda rikicin kuɗin diyya, shekarar ce kuma kuɗin Jamus ya zama takarda kawai. To me ya kai furodusan Faris ƙofar furodusan Balin shekara ɗaya bayan haka? Ruwa baya tsami banza. Fina-finan Amurka ne suka cinye kasuwa, sun riga sun maida kuɗinsu a gida tun kafin su tsallako teku, don haka suna iya sayarwa da araha a Turai, shi kuwa Bafaranshe ko Bajamushe in ya zuba kuɗi mai yawa a fim kasuwar ƙasarsa kaɗai bazata dawo masa dasu ba. Hannu ɗaya baya ɗaukar jinka. A 1924 kamfanin UFA, wanda aka kafa a ƙarshen 1917 kuma shine babba a Jamus, ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Aubert na Faransa kowa ya riƙa rarraba fina-finan ɗan'uwansa. Sannan Jamus ta kafa dokar ƙayyade shigo da fim daga waje, daga 1925 sai ka rarraba fim ɗin gida ɗaya kafin a baka izinin shigo da na waje ɗaya, Faransa ma ta kawo nata tsarin a 1928. Kaga kenan fim ɗin da za'a ƙirga shi ɗan gida a nan kuma ɗan gida a can ya zama abin so. Uwa uba fim baya magana, Bajamushe ya buɗe baki yayi yarensa Bafaranshiya ta amsa da nata, babu mai ji, katin rubutu kawai za'a canza. Shiyasa mafi yawan abinda kake nema yana tsakanin 1924 da 1929 ne, kar ka wahalar da kanka da shekarun yaƙi ko na kusa da shi.

To yanzu ta ina za'a fara? Shawarata ka fara da mutum ba da fim ba, ka riƙe suna ɗaya ka bishi. Sunan farko Harry Piel. Bajamushe ne haifaffen Düsseldorf a 1892, darakta ne kuma shine ekta a fina-finansa, tun yana matashi ake masa laƙabi da daraktan nakiya saboda yadda yake son fasa gada da gini a gaban kyamara. Irin fim ɗinsa Jamusawa suna ce masa Sensationsfilm, ka rubuta kalmar nan ka ajiye don da ita zaka yi bincike, ma'anarta fim ɗin da aka gina akan abin tada hankali, tsalle daga sama, tseren mota, jirgin ƙasa, namun daji, mutum yana lilo a bakin rufin bene. A tsakiyar shekarun 1920 Piel yayi aiki tare da daraktan Faransa Gérard Bourgeois, daga nan aka samu Der Mann ohne Nerven a 1924, wato mutumin da baya razana, sai Schneller als der Tod a 1925, wato wanda yafi mutuwa sauri, sai Zigano shima a 1925 labarin ɗan fashin dutse. Jarumar da zaka yawan gani tare dashi Dary Holm ce wadda daga baya ya aura, ga kuma 'yan wasan Faransa irinsu José Davert da Denise Legeay da suka shigo ta wannan haɗin. In ana maganar fim ɗin faɗa da kasada na haɗin Faransa da Jamus zalla, to waɗannan sune cibiyar.

Sai dai ba'a nan gizo ke saƙar ba, kuma gara in faɗa maka tun yanzu kar ranka ya ɓaci daga baya. Yawancin uwayen fina-finan Piel marasa magana, wato asalin naɗin da ake buga kwafi daga jikinsa, sun ƙone a ruwan bama-baman yaƙin duniya na biyu. Dama can fim ɗin zamanin akan wani sinadari ake yinsa mai suna naitiret, yana kamawa da wuta kamar fetur kuma in ya kama ruwa baya kashe shi da sauƙi, in ma bai ƙone ba shekaru suna narkar dashi ya dunƙule ya koma gari. Da fim mai magana ya shigo kuma kamfanoni da yawa suka ɗauka tsofaffin basu da sauran amfani. Saboda haka wani fim ɗin abinda zaka samu fosta ne da hotuna da takardar labari, wani guntu ne na 'yan mintuna, wani kuma Allah ya taimaka an tsinci kwafinsa a wata ƙasa can da ba'a zata ba. Kar ka raina wannan tsintuwar, Metropolis da kowa ya sani sai a 2008 aka gano kusan cikakkensa a Ajantina bayan shekara tamanin ana ganin ɓangarorin sun tafi kenan. In kana son ganin Piel da idonka yana aikinsa nemi Was ist los im Zirkus Beely na 1927, na Jamus ne zalla ba haɗin gwiwa ba amma ya tsira kuma an gyara shi, zai nuna maka ko wane irin mutum ne a gaban kyamara. Wata magana kuma da bazan ɓoye ba, mutumin nan ya shiga jam'iyyar Nazi a 1933, bayan yaƙi an tsare shi an kuma hanashi aiki na wasu shekaru, ya rasu a 1963. Ina son aikinsa na shekarun 1920 sosai, amma wannan tabon yana nan kuma ya kamata mai kallo ya sani.

Suna na biyu da zaka bi, kuma anan ne zaka samu abin kallo cikakke, shine ekta Ivan Mosjoukine. Abin mamaki shi ba Bafaranshe ba ba Bajamushe ba, ɗan Rasha ne cikin masu fim da suka gudo bayan juyin juya halin 1917 suka yada zango a Montreuil gefen Faris, kuma gaskiya su waɗannan baƙin sune suka fi kowa ɗinke tsakanin Faris da Balin, don basu da gabar da 'yan ƙasar suke da ita, suna da mutane a can suna da mutane a nan. Kamfanin Westi da wani furodusa mai suna Wengeroff ya kafa da kuɗin gidan attajirin Jamus Stinnes yana cikin wannan saƙar, shine ma ya fara zuba kuɗi a Napoléon na Abel Gance kafin ya durƙushe a 1925. Cikin wannan yanayin aka yi Michel Strogoff na 1926 wanda Tourjansky ya bada umarni Mosjoukine kuma ya fito a matsayin jarumi, daga littafin Jules Verne, labarin ɗan saƙon sarkin Rasha da zai ratsa daga Mosko zuwa Irkutsk cikin yaƙi da wasiƙa a jikinsa. An ɗauki manyan fitowar yaƙin a Latbiya da sojojin ƙasar na gaske akan dawakai na gaske, kuma kana gani kasan ba siddabaru bane, ƙurar ma kaɗai ta isa shaida. Bayansa ka nemi Casanova na 1927 shima na Mosjoukine, da Geheimnisse des Orients na 1928 wanda babu shi a ciki, duka biyun Volkoff ne darakta, na biyun da hannun UFA a ciki kuma Faransawa sun sanshi da Shéhérazade. Akwai kuma Cagliostro na 1929 na Richard Oswald, haɗin kamfanin Albatros na Faransa da Wengeroff, shi bai iso garemu cikakke ba.

Kula da rubutun sunayen nan fa, anan mutane da yawa suke sarewa. Mosjoukine haka Faransawa ke rubutawa, Jamusawa su rubuta Mosjukin, masu Ingilishi su rubuta Mozzhukhin, mutum ɗaya ne. Volkoff a Faris shine Wolkoff a Balin. Michel Strogoff a Jamus zaka ganshi da Der Kurier des Zaren, kuma dole ka haɗa da shekara don an sake yin labarin da magana a 1936 an kuma sake a 1956, in baka sa 1926 ba su zasu fito maka a gaba.

Wajen binciken kansa, buɗe shafi biyu gefe da gefe. Na Jamus filmportal.de, kyauta ne, ka rubuta sunan fim zai baka darakta, 'yan wasa, kamfanin da yayi, ranar da hukumar tace fina-finai ta duba shi, da tsawonsa a mita. Na Faransa kuma shafin Cinémathèque française, ma'adanar da Henri Langlois ya kafa da abokansa a 1936, suna da wani ɓangare na kallo kyauta mai suna HENRI da suka buɗe a 2020 inda suke saka wasu cikin abinda suka gyara har da na Albatros. Sai Gallica na babban ɗakin karatun Faransa inda zaka karanta jaridun zamanin shafi shafi, ka rubuta sunan fim na Faransanci ka ga tallarsa da abinda 'yan jarida suka ce satin da ya fito. Don neman bidiyon kansa akwai archive.org da YouTube da tashar ARTE, wadda ita kanta haɗin gwiwar Faransa da Jamus ce tun 1992 kuma ta daɗe tana nuna gyararrun fina-finai marasa magana, sai dai wasu abubuwanta basa buɗuwa a kowace ƙasa. Kalmomin da zaka riƙa liƙawa a bayan suna: Stummfilm a Jamusanci, film muet a Faransanci, duka fim mara magana kenan. In kaga restauriert ko restauré an gyara shi, shi zaka bi. In kaga verschollen ko perdu ya ɓata, sai haƙuri. In kaga Fragment guntu ne ya rage.

Wani abu da nake so ka iya da kanka shine rarrabe haɗin gwiwa na gaskiya da na baka. Ba duk fim ɗin da kaga Bajamushiya a cikin 'yan Faransa bane na ƙasa biyu, sau da yawa an ɗauko tauraruwar ne kawai don fim ya sayu a ƙasarta. Duba layin kamfani. Jamusawa suna rubuta Produktion ga wanda yayi fim, Verleih ga wanda ya rarraba shi kawai. In sunan kamfanin Jamus a gurin Verleih kaɗai ya fito to dillali ne ba mai kaya ba. In kaga kamfani biyu a gurin Produktion ɗaya na Faris ɗaya na Balin, shikenan ka kama. Shafukan da ake kwafe kwafe a intanet suna cakuɗa wannan sosai, shiyasa nafi yarda da abinda ma'adanun ƙasashen biyu suka rubuta, in sun saɓa kuma sai in koma tallar jaridar lokacin.

To ka samu bidiyo, kar ka danna ka zauna tukuna, fara auna shi ko cikakke ne. Ga dabarar kuma bata da wuya. Fim mai faɗin milimita 35 kowace mita ɗaya tana ɗauke da hoto wajen 52. A ce filmportal ya nuna maka tsawon fim mita 2,400 ne, ka ninka da 52 ya baka hoto 124,800, in ana haska hoto 20 a daƙiƙa ya zama daƙiƙa 6,240 wato minti 104, in 24 ne a daƙiƙa ya zama wajen minti 87. To in wanda ka samu minti 50 ne kasan an yanke kusan rabi. Ba lallai mugunta bace, a 1922 kamfanin Pathé ya fito da ƙaramin majigin gida mai milimita 9.5 da ake kira Pathé-Baby, suna taƙaita manyan fina-finai su sayar wa iyalai, kuma akwai fina-finan da ta wannan taƙaitaccen kaɗai wani abu nasu ya tsira. Kalle shi, amma kasan me kake kallo, kar kace labarin baya haɗuwa alhali rabinsa aka baka.

Yanzu maganar gudu, wadda a ganina itace ta kori mutane da yawa daga waɗannan fina-finan. Karon farko da na kalli Strogoff wani kwafi ne da wani ya ɗora, dishi dishi, an liƙa masa wani kiɗan fiyano mai tsalle tsalle da yake ta maimaita kansa, mutane suna tafiya kamar ana korarsu, har wajen da aka kama jarumin za'a ɗora masa takobi mai zafi a ido gaban mahaifiyarsa, wajen da ya kamata numfashinka ya tsaya, sai ya wuce fit kamar wasan yara. Raina ya ɓaci na kashe. Bayan watanni na samu gyararren na zauna dashi kusan awa uku, wallahi da aka zo wannan wajen, yadda kyamara ta tsaya akan fuskarsa yana kallon uwar kallon ƙarshe hawaye ya cika masa ido, saida na ajiye abinda ke hannuna. Fim ɗaya ne fa, gudu da kiɗa kawai suka bambanta.

Dalili shine kyamarar lokacin da hannu ake juya ta, babu tsayayyen gudu, wani 16 a daƙiƙa wani 18 wani 20 ko sama, sai da fim mai magana yazo aka tsayar da 24. In aka ɗauki fim na 18 aka haska a 24 dole kowa ya zama mai gaggawa. Gyaran a hannunka yake, a YouTube ka shiga saitin gudu ka sa 0.75, wannan daidai yake da maida 24 zuwa 18, a manhajar kallon bidiyo ta VLC kuma akwai maɓallin rage gudu kaɗan kaɗan har ka samu inda ya zauna. Yadda zaka gane ya zauna, kar ka kalli masu gudu ko masu faɗa, nemi wajen da mutum yake tafiya kawai a ɗaki ko yake zuba ruwa a kofi ko hayaƙin taba yana tashi, in hayaƙin yana tashi yadda hayaƙi ke tashi to ka samu. Amma kar ka wuce gona da iri, fina-finan ƙarshen shekarun 1920 da yawa dama kusa da 24 ake haska su, in ka rage sai su zama kamar ana tafiya cikin ruwa. Sannan wajen tsere da dambe da gangan mai kyamara yake rage juyin hannunsa don in an haska abin yayi sauri, wannan ba kuskure bane salo ne, barshi yadda yake. In gyararren kwafi ne daga ma'adana kuwa kar ka taɓa komai, sun riga sunyi wannan lissafin.

Kiɗa kuma, in wanda aka liƙa bai dace ba kashe shi gaba ɗaya. Fina-finan nan ba'a taɓa kallonsu shiru ba a zamaninsu, ƙaramar silima tana da mai fiyano, manya irin Gaumont-Palace a Faris da Ufa-Palast am Zoo a Balin suna da cikakkiyar ƙungiyar makaɗa, har akwai kundin kiɗa da Giuseppe Becce ya tara mai suna Kinothek inda makaɗi zai buɗe ya ɗauko na tsere ko na fargaba ko na soyayya. Kaima haka zakayi, sa wani kiɗa mara waƙa a ƙasa ƙasa, muryar mawaƙi tana janye hankali daga fuska, kuma a fuska maganar take.

Sai launi. Mutane suna ɗauka duk baƙi da fari ne, ba haka bane, yawancinsu rina su ake. Shuɗi dare ne, ja gobara ko yaƙi, ruwan zuma cikin ɗaki da fitila, ruwan ɗorawa hasken rana, kore wani lokacin daji. Wannan ba ado bane kawai, labari ne, don fitowar dare da rana tsaka ake ɗaukarta sai a rina ta shuɗi. In ka samu kwafin da aka wanke launin zaka ga ɓarawo yana sanɗa da fitila a hannu rana na dukansa, masu gadi suna wucewa ta gabansa wai basu ganshi ba, sai kace shirme ne alhali shuɗin ne aka cire. Don haka in akwai zaɓi ɗauki wanda aka rubuta viragiert ko teinté. Faransawa kuma suna da wata sana'a ta daban ta shafa launi kala kala akan hoto ɗaya ta hanyar yankakken tambari, hoto bayan hoto, zaka ganta a bikin Benis cikin Casanova, in ka iso wajen tsayar ka kalli rigunan da kyau.

Katin rubutu kar ya tsorata ka. A fim ɗin kasada basu da yawa kuma gajeru ne, tsayar da bidiyo ka haska da kyamarar Google Translate a waya ta fassara maka. Bayan fim biyu uku ma zaka daina buƙata sosai. Akt a Jamusanci kashi ne, zaka ga 1. Akt, 2. Akt, kowanne kusan naɗi ɗaya na fim, kuma da gangan ake ƙare kowane kashi akan wani tashin hankali, don haka in zaka huta huta a nan. Ende da Fin ƙarshe kenan, Fortsetzung folgt da à suivre kuma akwai cigaba. In kaga hoto yana tsukewa ya zama da'ira akan abu ɗaya, wasiƙa ko zobe ko hannu a aljihu, darakta ne yake ce maka riƙe wannan zai dawo.

Ga wajen da ni nafi jin daɗi, kuma shine ya maidamu maganar farko. In Allah yasa ka samu kwafi biyu na fim ɗaya, na Faransa da na Jamus, buɗe su tare ka daidaita fitowa ɗaya. A lokacin sau da yawa kyamara biyu ake kafawa gefe da gefe don a samu uwar fim biyu, ɗaya ta gida ɗaya ta ƙasashen waje, wani lokacin ma sake wasan ake gaba ɗaya. Sai kaga a wannan doki ya shigo ta ɗan gefe a wancan ta tsakiya, a wannan ekta ya faɗi ya dafa da hannun dama a wancan ya mirgina, kaga kenan sau biyu mutumin ya faɗo ba sau ɗaya ba. Sannan almakashin hukuma daban daban ne. A Jamus a lokacin, bisa dokar silima ta 1920, kowane fim sai ya bi ta ofishin tacewa, a bashi kati mai ɗauke da tsawonsa, yawan kashinsa, duk rubutun da ke cikinsa da abinda aka ce a yanke, da ko an hana yara kallo. Katunan nan da yawa suna ajiye a Bundesarchiv, ma'adanar gwamnatin Jamus, kuma dasu masu gyara suke maido da rubutun fim ɗin da nasa ya ɓata. Ga fim ɗin da ya ƙone ƙurmus kuwa wannan katin da ɗan littafin Illustrierter Film-Kurier da ake sayarwa a ƙofar silima mai hotuna da taƙaitaccen labari, sune kaɗai hanyar da zaka bi labarin daga farko zuwa ƙarshe. Ni ina zama in karanta su ina duba hotunan ɗaya bayan ɗaya, kowa yaci zomo ai yaci gudu.

Wajen kallon kasadar kanta ka koyi lura da yanka. In kyamara ta tsaya daga nesa, mutum ya taho da gudu ya tsallake daga rufin nan zuwa wancan ba'a yanke hoton ba kuma kana ganin ƙasa a can ƙasa, to wani ɗan adam yayi wannan tsallen da jikinsa. In aka nuna fuska kusa, aka yanke, aka nuno mutum daga baya yana faɗowa, aka sake yankewa ga fuska, to akwai yiwuwar wani ne ya karɓa masa ko ɗan tsana aka jefo, ɗan tsana zaka ganeshi don ƙafafunsa lilo suke ba ƙashi. Talla tana cewa Piel shi yake komai da kansa, amma an sani akwai lokacin da wani ke karɓar masa mafi haɗarin, wannan bai rage komai ba a wajena don ko waye dai mutum ne ya rataya a wajen, babu kwamfutar da zata goge igiya ko ta zana masa katifa.

In kuma kaga kamar waɗannan sun maka nauyi a farko, shiga ta ƙofar kowace ƙasa daban kafin ka zo mahaɗar. Ta Faransa Louis Feuillade, Fantômas na 1913 zuwa 1914 da Les Vampires na 1915 zuwa 1916 mai kashi goma, inda Musidora take yawo a rufin gidajen Faris cikin baƙaƙen kaya. Ta Jamus Fritz Lang, Spione na 1928, akwai bos mai banki da karon jirgin ƙasa cikin ramin dutse. Duk suna da sauƙin samu a gyare, na Lang gidauniyar Murnau da ke Wiesbaden ce ke riƙe dashi. In ka kalli waɗannan zaka gane abinda kowa ya kawo teburin, Faransawa da titi na gaske da labari mai kashi kashi, Jamusawa da ginin sutudiyo da wasa da haske da inuwa, sai 'yan Rasha da dawakai da taron jama'a.

Abinda bai hau intanet ba kuma yakan fito a bukukuwan tsofaffin fina-finai, na Pordenone a Italiya da aka fara a 1982 kuma ake yinsa a watan Oktoba, da Il Cinema Ritrovato a Bologna, da na birnin Bonn a Jamus lokacin zafi. Ko bazaka je ba sauke kundin shirinsu na kowace shekara daga shafinsu, a ciki suke rubuta daga wace ma'adana kwafin ya fito, mita nawa ne ya rage, da gudun da suka haska shi, wato hoto nawa a daƙiƙa. Wannan lambar ta ƙarshe ka rubuta ta kusa da sunayen fim ɗin guda biyu a littafinka, ranar da kwafin ya faɗo hannunka da ita zaka saita VLC.